Kifi Mai Ɗumi

Wata Asabar cikin Oktoba, bayan la'asar, Nata'ala ya tayar da mota daga gindin benen gidajen gwamnati da yake zaune a Edmonton, wata unguwa a arewacin Landan. 'Yarsa Ameera na gefensa, jakar kayan fatsa a tsakanin ƙafafunta. Kamun kifi za su. Ita ta yi booking, ta kama musu wuri, ita kuma ta tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannu har sai da ya sa takalmi.

Direban bas ne, ya ba hamsin baya. Tun da matarsa Anatu ta rasu a ƙarshen hunturu bai ƙara zuwa ko'ina ba, daga aiki sai masallaci. In ya dawo sai ya zauna a falo, ko fitila ba ya kunnawa. Silifas ɗinta na nan a ƙofar banɗaki, inda ta cire su ranar da motar asibiti ta zo. In wanda bai ji labari ba ya tambaye shi iyali, sai ya ce, "Ba ta nan," ya kau da kai. Ɗaya kalmar ba ta taɓa fita daga bakinsa ba.

Ameera kaɗai Allah ya ba su. Nas ce, tana zaune da ƙawayenta kusa da asibitin da take aiki. A Landan aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma rabin amsarta Turanci ne.

"Dad, sai da na yi swapping ɗin shift saboda kai fa. Ko murmushi ɗaya ka yi mini."

"Ai ga shi na fito, Uwata."

"Fitowa daban, murmushi daban."

Ya ɗan motsa leɓe. Ta ce ta karɓa a haka.

Nata'ala ɗan Sarkawa ne, masunta, mutumin Yawuri, a cikin kwalekwale ya yi wayo. Kakansa ba ya jefa ko ƙugiya sai ya yi wa ruwa sallama, ba ya kuma yarda magariba ta riske shi a bakin kogi. Anatu 'yar Kano ce, kuma har ta bar duniya ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, ko a gaban likita. Sarkin Ruwa take ce masa. In tsokanar ta motsa sai ta ƙara da, "Sarkin Ruwan da ya ƙare a sitiyari."

Wani abokin aikinsa ne ya nuna masa tafkin shekarun baya. In an tsallake babban titin da ya kewaye Landan, sai a saki kwalta mai faɗi, a bi wata siririya tsakanin gonaki har inda mota ba ta wucewa. Daga nan sai ƙafa, ta cikin ɗan kurmi. Tsohon rami ne da aka haƙi tsakuwa, ruwa ya cika shi. Wani dattijon Bature ya saye shi, yana sa a kawo kifi a tankar mota a zuba, masu sha'awa su biya su kama. Kifin trout ne, mai ɗige-ɗige, da jan zane a gefe kamar bakan gizo. Ba ya rayuwa sai a ruwa mai sanyi. Ba a sa masa tana a ƙugiya. Ƙwaron ƙarya ake ɗaurawa, na gashin tsuntsu da zare, a wulla shi ya sauka kan ruwa a hankali.

A nan Nata'ala bai taɓa yin sallama ba. Ramin da katafila ta haƙa, kifin da mota ta kawo, wa zai zauna a ciki?

Da can Anatu takan bi shi. Ta kafa kujerarta a gindin wata bishiya mai rassa har ruwa, da filas ɗin shayi mai citta, tana kushe kifin. Wai na Turawa ne, ba ya ciwuwa sai an yi masa wanka da yaji. Amma in an soya ita ke cinye fiye da rabi.

Sun iso dattijon na rufe 'yar bukkarsa. Ya gane Nata'ala, ya miƙo hannu, ya tambayi madam.

"Ba ta nan," in ji Nata'ala.

Ameera ta sunkuyar da kai.

Dattijon ya ce yau ba kowa, tafkin nasu ne su kaɗai. Su ja ƙyauren katako in za su tafi. Kada kuma su kai duhu, don gaɓar wajen ciyawar nan mai tsayi tana da laka, daga ita sai zurfi. Ya kira karensa, suka shige kurmi.

Wurin ya yi kyau a yammar nan. Ganyaye sun yi ja da rawaya, suna faɗowa kan ruwa ɗaiɗai. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Can nesa ana jin gunjin motoci a babban titi, ƙasa-ƙasa. Nata'ala ya haɗa sanda, ya riƙe hannun Ameera yana koya mata wulli. Ta ja baya da ƙarfi, ƙugiyar ta maƙale a reshe. Ta sake, ta kama hular kanta. Sai ya ji wani abu ya fito daga ƙirjinsa, ya tsaya yana mamaki. Dariya ce.

Ameera ta juyo ta dube shi, idonta ya cika da hawaye, ta yi maza ta ce ƙwaro ne ya faɗa mata.

Rana ta sauka bayan itatuwa. Lokacin ne kifin ke tasowa cin ƙwari. Zobba suka fara buɗewa a kan ruwa, nan da can, kowanne da 'yar ƙararsa. Nata'ala ya dubi sama. Ta yi ja.

"Mu tattara. Magariba ta kusa."

"No, Dad. Sai ka kama ko ɗaya. Ni zan soya, na san yadda Mum ke yi."

Ta bar masa sandar, ta taka zuwa gindin bishiyar nan ta zauna a ƙasa, daidai inda kujera ke zama.

Ya wulla. Ƙwaron ya sauka. Ko numfashi bai ja ba zaren ya miƙe.

Ya san yadda trout ke yi in ya ji ƙugiya. Yakan yi tsalle, ya ja zare, ya nutse. Wannan bai yi ko ɗaya ba. Ya biyo zaren kawai, kamar akuyar da ta san gida. Nata'ala ya durƙusa, ya sa raga ya ɗago shi. Babba ne, jan zanen gefensa na ƙyalli. Ya sa hannu ya riƙe don ya cire ƙugiya.

Kifin da ɗumi.

Ya ɗauka hannunsa ne ya yi sanyi. Ya taɓa ruwan. Ƙanƙara. Ya sake taɓa kifin. Ɗumi, har da ɗan zafi. Ya san irin wannan zafin. Haka tafin hannun Anatu yake a makonninta na ƙarshe.

Kifin bai motsa ba. Bakinsa kawai yake buɗewa yana rufewa.

Nata'ala ya yi bismilla, ya cire ƙugiyar, ya mayar da shi ruwa. Kifin bai tafi ba. Ya tsaya a nan, kansa a sama. Sai Nata'ala ya ɗaga ido, ya ga ba shi kaɗai ba ne. Ko'ina a tafkin kawunan kifi ne, sun fito sun tsaya cik. Duk sun fuskanci wuri ɗaya. Wajen ciyawar nan mai tsayi.

Ba zobe ko ɗaya a kan ruwa yanzu.

Tsuntsaye sun yi shiru. Ya kasa kunne ya nemi gunjin titi. Babu.

Sai ƙanshi ya zo. Man kaɗanya, da turaren wutar da Anatu ke turara mayafinta da shi ranar Juma'a. Ya cika masa hanci har ya ji ɗanɗanonsa a maƙogwaro.

Daga cikin ciyawar aka yi tari.

Ɗan gajere, busasshe, sau biyu, sannan jan numfashi mai ƙara. Wata nawa ya yi yana tashi da wannan tarin yana miƙa ruwa.

"Nata'ala."

A hankali aka faɗa. Muryarta ce, ba ragi. Har da 'yar dishewar nan.

Bai amsa ba. Kakansa ya sha faɗa: in ruwa ya kira ka, ka cije harshe.

Hazo ya fara tashi daga tafkin. A bakin ciyawar, inda dattijon ya ce akwai zurfi, mace na tsaye. Ruwan iya ƙugunta. Ta lulluɓe da mayafi. Ba ya ganin fuskar.

"Mum?"

Ya waiwaya. Gindin bishiyar ba kowa.

Ameera na cikin ruwa. Har gwiwa. Da takalminta, da rigar sanyinta. Tana tafiya a hankali, hannunta biyu a miƙe.

"Mum, ina zuwa. Tsaya. Please, ki tsaya."

Ya yar da sandar. Ya ruga ta gaɓa, ya faɗa ruwan. Sanyin ya sare shi kamar wuƙa. Laka ta kama takalminsa, ya fizge, ta sake kamawa. Kifayen na gogar ƙafafunsa, kowanne da ɗuminsa. Kafin ya kai gare ta ruwan ya kai mata ƙirji. Ya cafki rigarta ta baya, ya rungumo ta.

"Sake ni, Dad. Tana jin sanyi. Ba ka ji ba?"

Ya kai bakinsa kunnenta. Raɗa ya yi.

"Ba ita ba ce. Sunana ta kira. Uwarki ba ta taɓa kiran sunana ba."



Macen ta ɗan karkata kai, kamar mai sauraro.

Sai aka yi 'yar dariya. Irin wadda Anatu ke yi ta hanci in ta kama shi yana satar nama a tukunya.

"Sarkin Ruwa."

Ya ɗago kai.

"Sarkin Ruwa, kun tafi kun bar ni. Ko bargo ba ku bar mini ba. Kullum ina jin tafiyarka a falo, ba ka kunna fitila. Zo mana. Kawo mini 'yata in ga ko ta rame."

Ya san ba ita ba ce. Ya sani kamar yadda ya san sunansa. Amma wata da watanni ke nan ba wanda ya kira shi haka, kuma ya ɗauka ba zai ƙara ji ba har ya mutu.

Ya ɗaga ƙafa. Ya taka gaba.

Ruwan ya daina sanyi. Ya zama kamar wanda aka sirka don wanka. Ya ƙara taku. Ruwan ya kai masa wuya. Macen ba ta matso ba, ba ta yi nisa ba. Ƙanshin turaren ya ƙaru.

Sai ya ji ana jan Ameera daga hannunsa.

Ba da ƙarfi ba. A hankali, ta ƙasa, ta idon sawu, yadda uwa ke jan yaro su tsallake titi.

Ya dubi fuskarta. Ruwa ya rufe mata baki. Ya kai hanci. Ba ta ko shure-shure. Idonta a buɗe, tana murmushi.

Wannan murmushin ne ya farkar da shi.

Ya ɗago haɓarta da hannu ɗaya. Ya fara Ayatul Kursiyyu. Muryar macen ta fashe da kuka, kukan Anatu, wanda sau ɗaya ya taɓa ji, ranar da likita ya gaya musu. Ayar ta kuɓuce masa. Ya koma farko. Ta sake kuɓucewa.

"Kar ka bar ni. Don Allah. Kar ka sake barina."

Jan ya ƙaru. Yatsunsa sun fara zamewa daga rigar.

Ya buɗe baki, abin da ya fito ba aya ba ce.

"Anatu ta rasu."

Kukan ya ɗan tsaya.

"Ta rasu. Ni na shiga kabarin. Ni na karɓe ta, na kwantar da ita, na kwance ɗaurin likkafanin da hannuna. Matata ta rasu. Allah ya jiƙanta. Ke ba ita ba ce."

Yana faɗa yana kuka, ruwa na shiga bakinsa. Sai ayar ta dawo masa gaba ɗaya. Ya karanta ta da ƙarfi, har ƙarshe.

Kukan ya yanke tsakiyar numfashi, kamar an kashe rediyo.

Sanyi ya dawo lokaci guda.

Tafkin ya yamutse. Kifaye suka hau tsalle ko'ina, suna dukan fuskarsa da ƙirjinsa. Abin da ke riƙe da Ameera ya saki. Ya ja ta da baya, yana faɗuwa yana tashi, har bayansa ya daki gaɓa. Ta yi tari, ta amayar da ruwa. Bai bar ta ta huta ba. Ya ɗaga ta, ya maƙale kanta a ƙirjinsa don kada ta waiwaya, suka shiga kurmi.

Duhu ya fara haɗuwa a ƙarƙashin itatuwa. Takalminsa ɗaya ya tafi a laka.

A bayansu aka fara tafiya.

Fat. Fat. Fat.

Ƙarar silifas a jiƙaƙƙiyar ƙafa.

Ba sauri ake ba. In sun tsaya numfashi, ita ma ta tsaya.

"Dad, bari in gani. Sau ɗaya."

"A'a."

"Sau ɗaya kawai."

Ya ƙara matse kanta.

Fat. Fat.

Ƙanshin turaren na bayan wuyansa.

Ya ga ƙyauren katakon. Ya tura Ameera waje, ya fita, ya ja shi da baya ba tare da ya juya ba. Sakatar ta faɗa.

Tafiyar ta tsaya.

Aka yi tari, sau biyu, dab da katakon.

A mota ya kunna hita, haƙoransa na haɗuwa. Sai da suka hau kwalta Ameera ta dawo hayyacinta sosai, kuma da ta dawo, duka ta kai masa. Kafaɗa, hannu, duk inda ta samu.

"Ka bar ta! You left her there! Tana roƙonka, ka bar ta!"

Bai kare ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu har fitilun Edmonton suka bayyana, da shagunan Turkawa, da mutane a tashar bas riƙe da ledojin cefane kamar ba abin da ya faru a duniya. A falo ya rama magariba, a jiƙe, ƙafa ɗaya ba safa.

Ameera ta kwanta zazzaɓi. Da zazzaɓin ya sauka, sai ga shaida a idon sawunta na hagu: sawun yatsu, zagaye, kamar ƙuna. Ita da ke wanke raunukan mutane kullum ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba. Har yau bai goge ba.

Nata'ala ya je Tottenham wurin Malam Abdul-Salam, wani dattijo mutumin zangon Kumasi da ke limanci a wani ƙaramin masallaci. Malamin ya saurara har ƙarshe, yana jan carbi, sannan ya yi magana da Hausarsa ta zango.

"Ruwa duk ruwa ne, Alhaji. In ya daɗe a kwance, wani zai zo ya zauna. Kuma wannan abu ba shi da murya na kansa. Abin da mutum ya ɗauko a zuciya, shi yake ara." Ya dafa gwiwarsa. "Mata naka ya huta. Ka bar shi ya huta."

Ya ba shi addu'o'in da za su riƙa yi safe da yamma. Nata'ala bai koma neman sandarsa ba, bai kuma ƙara cin kifi ba, ko na shago.

Ameera ta koma wurin ƙawayenta. Ta daina ɗaukar wayarsa. Ya aika saƙo, ta karanta, ba amsa. Ya yi mata uzuri. A wurinta sau biyu aka raba ta da uwarta, na biyun kuma da hannun ubanta.

Sai da sanyi ya shiga sosai, wata yamma ya dawo daga aiki ya same ta zaune a matakalar bene, da kayan asibiti a jikinta. Suka shiga. Ta dafa shayi, ta ajiye masa, ta zauna nesa.

"Na san ba Mum ba ce," ta ce. "Tun a mota na sani. Haushin da nake ji ke nan."

Ya gyaɗa kai.

"Ni, ce mini ta yi in zo ta yi mini kitso, kaina ya tsufa." Ta yi dariyar da ba ta kai ko'ina ba. Ta juya kofin a hannunta. "Dad, in tambaye ka. Kar ka yi mini ƙarya."

"Ina ji, Uwata."

"Da ba na wurin fa? Da kai kaɗai ne?"



"Da na tafi," ya ce. "Ina sane, da na tafi."

Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta wanke kofinta, ta ɗauki jaka, ta sumbaci tsakar kansa, abin da ba ta yi ba tun tana ƙarama.

Washegari, rana na faɗuwa, wayarsa ta yi ƙara. Ita ce. Ba ta da wani labari. Ta tambaye shi inda yake, ya faɗa, ta ce to. Ba ta kashe ba.

Haka take yi har yanzu, kullum, ko tana tsakiyar aiki sai ta sami lungu. In yana tuƙi, ta yi ta kira har ya isa tasha ya ɗauka. Ba sa cewa komai mai yawa. Yana jin numfashinta, tana jin nasa, har jan sama ya gushe, ya ce mata zai yi alwala.

Sannan ta ce, "Ka kunna fitila, Dad," ta jira sai ta ji ƙarar makunnin.